Bakan da ya dace da hannuna

Jama'a, duk Bahaushen da ya ji an ambaci baka, abin da zai faɗo masa a rai shi ne maharbi da kwarinsa a kafaɗa, da tsirkiyar fata, da kibiyar kyauro. Ni ma haka na taso. Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma a gidansu da taurin baka ake auna namiji: wanda ya iya jan abin da ya gagari 'yan'uwansa, shi ne gwani. Da wannan ma'auni a kaina na shiga neman bakana na farko a Ingila, bayan na gama darasin 'yan koyo a wata ƙungiyar harbi da ke garin da nake karatu. Abin da na tarar shi ne, a harbin allo wannan ma'auni ba ya aiki.

Bakan da nake magana a kai shi ne mai tayoyi, wanda Turawa ke kira kwamfawun. Wani Ba'amurke ɗan jihar Misuri mai suna Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro shi, ya nemi rajistarsa a 1966, aka ba shi a 1969. Hikimarsa tana cikin tayoyin nan biyu da ke sama da ƙasa, waɗanda ba su cika zagaye ba. Idan ka fara ja, nauyi zai yi ta ƙaruwa har ya kai ƙololuwa, sai tayoyin su juya, nauyin ya zube. Bakan laba 40 mai sassaucin kashi 70 cikin ɗari, laba 12 kacal za ka riƙe sa'ad da tsirkiya ta iso fuskarka. Wannan sauƙin ne ke ba ka damar tsayawa ka yi saiti a natse.

Malamarmu, wata dattijuwa da ta fi shekara sittin, ba ta fara da tambayata ko nawa ne a aljihuna ba. Cewa ta yi in jingina da bango in buɗe hannuwana, ta auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, abin da mu Hausawa muke kira gaba. Ta sami inci 70, ta raba da 2.5, ya ba da 28. Shi ne kimanin tsawon jana. Baka mai tayoyi yana da iyaka, inda tsirkiya ke tsayawa cak kamar ta ci karo da bango. In iyakar ta yi maka tsawo, za ka riƙa miƙe wuya kana karkata baya, tsirkiya tana dukan dantsenka. In ta yi gajere, za ka takure. Sannan ta gwada wane ido ne ya fi rinjaye a wurina, domin shi ke nuna ko bakan dama zan saya ko na hagu.

Sai maganar nauyi, wadda a nan ne zuciya ke shigowa. Dokar hukumar harbin kibiya ta duniya ta ce kada bakan gasa ya wuce laba 60, wato kusan kilo 27. Samari da yawa suna jin haka sai su ce to 60 ɗin za su saya. Na buga wa kawuna waya a gida ina ba shi labari, na ce ina tunanin fara wa da laba 35. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai yaro, bakan da mace za ta ja ai ba baka ba ne." Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, Baba Tsoho kibiya nawa yake harbawa a yini in ya fita daji?" Ya ce wani lokaci ɗaya, wani lokaci ko ɗaya babu. Na ce to mu a zagayen share fage na gasa kibiya 72 ake harbawa, daga nisan mita 50, a kan allo mai faɗin santimita 80, kuma da'irar maki 10 ba ta wuce santimita 8 ba. Ana so kibiya ta 72 ta fita kamar yadda ta farko ta fita. Kafaɗar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta ba za ta iya haka ba, ciwo kawai za ta kwasa.

Kawu bai gamsu ba, amma ya yi shiru da na ba shi labarin Aditi Swami, yarinya 'yar Indiya da ta zama zakarar duniya a Balin a 2023 tana da shekara 17, da kuma Ba'amurke Matt Stutzman, wanda aka haifa ba hannuwa, yake riƙe baka da ƙafa, ya ci zinare a gasar nakasassu ta Paris a 2024. Wannan wasa na mai natsuwa ne, mai iya maimaita abu ɗaya ba tare da ya sauya ba.

A kanti an nuna mini iri biyu. Akwai gajeru na farauta, masu tsawon inci 30 zuwa 33 tsakanin taya da taya, waɗanda aka yi don shiga sarƙaƙiya. Akwai dogaye na allo, inci 36 zuwa 40, sun fi zama daram a hannu. Na ga na Hoyt da Mathews da PSE irin waɗanda zakaru ke riƙewa, idona ya so su, aljihuna ya ƙi. Ko da kuɗin sun kai, akwai abin lura: da yawa daga cikin manyan bakunan nan nauyinsu ba ya motsawa fiye da laba 10, wasu kuma sai an sauya wani ƙarfe a jikin taya kafin a sauya tsawon ja. Ɗan koyo kuwa jikinsa bai gama zama ba; bayan wata shida tsayuwarsa za ta canza, ƙarfinsa ya ƙaru.

Akwai kuma lissafin da ba a rubuta a jikin baka ba. Sai ka sayi maɗana, ƙaramin ƙarfen da ake sakin tsirkiya da shi maimakon yatsu, da madubin saiti, da mazaunin kibiya, da sandar da ke hana baka rawa, da kibau da suka dace da nauyin bakanka. Jimillarsu kan kusa kamo kuɗin bakan kansa. Kibiyar kyauro irin ta gida ba ta shiga nan, tana iya tarwatsewa a hannunka. Haka nan ba a sakin tsirkiya babu kibiya, domin duk ƙarfin zai koma jikin bakan ya fasa shi.

Abu na ƙarshe da na auna shi ne gida. Karatu zai ƙare, zan koma. Sauya tsirkiyar irin wannan baka yana bukatar wata na'ura mai matse shi, kuma ba a kowane gari ake samun ta ba. Don haka na zaɓi matsakaicin baka wanda ake sauya tsawon jansa da nauyinsa da ɗan makulli, na haɗa da tsirkiya ta ajiya da ƙaramar na'urar matsewa mai shiga jaka. Na sa aka ɗaure shi a laba 35, inci 28.

A 2025 aka sanar cewa baka mai tayoyi zai shiga gasar Olamfik karo na farko a Los Anjalis a 2028, a rukunin mace da namiji. Na san wasu matasanmu za su gani su yi sha'awa. Shawarata gare ka, ɗan'uwa, kafin ka tambayi farashi, ka auna gabanka, ka ja bakan da hannunka sau ashirin a jere, ka ga ko na ashirin ɗin ya zo maka da sauƙi. In ya zo, naka ne. Allah ya sa mu dace.