Dunvegan, gidan da zuriya ɗaya ta riƙe shekara 800

Tsibirin Skye yana gefen yammacin Sikotlan, kuma tun 1995 gada ce ke haɗa shi da babbar ƙasa. Daga gadar zuwa Dunvegan tafiya ce ta siririyar hanya, tumaki dama da hagu, ga yayyafi da ba ya gajiya. Can a bakin teku, kan wani dutse, gidan sarautar dangin MacLeod yake. Masu gidan suna cewa kusan shekara 800 ke nan zuriya ɗaya ke riƙe da shi, tun daga kakansu Leod na ƙarni na 13 har zuwa Hugh Magnus MacLeod, shugaban dangi na 30, wanda ya gaji mahaifinsa a 2007.

Ginin kansa bai ruɗe ni ba, na ga waɗanda suka fi shi ƙawa a Edinbara. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda mutanen nan suka riƙe salsalarsu, da daɗinta da ɗacinta. A bangon ɗakin cin abinci hotunan kakanni ne rataye. Dattijuwar da ke zagayawa da baƙi ta tsaya gaban wani mai jan tufafi, ta ce wannan shi ne Norman, shugaba na 22, wanda mutanensa suka yi wa laƙabi da Mugu. A 1739 an zarge shi da hannu wajen sace talakawansa kimanin ɗari, aka loda su a jirgin ruwa don a sayar da su a Amurka, sai Allah Ya sa jirgin ya yada zango a Ailan suka tsere. Na ce mata, "Baba, mutum irin wannan kuma kuka bar hotonsa a bango?" Ta ce ai kakansu ne, in aka cire shi lissafin ya yi giɓi. Wannan amsa ta burge ni ƙwarai. Gidaje nawa na sani da in an zo kan irin wannan kaka sai a yi tari a wuce!

Kayan gadon da suka fi ji da su ba su da yawa. Akwai wani tsohon ƙyallen siliki, ya koɗe ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, duk ɗinkin faci, an sa shi cikin gilashi. Tutar Aljanu suke kiransa. A tatsuniyarsu, wai sau uku kaɗai za a iya buɗe ta ta ceci dangi, kuma an riga an buɗe sau biyu. Masana sun ce silikin daga Gabas ta Tsakiya ya fito, kuma ya girmi gidan nesa ba kusa ba. Sai ƙahon Rory Mor, shugaba na 15 wanda ya rasu a 1626: ƙahon sa ne mai bakin azurfa, kuma al'ada ita ce magaji ya shanye shi cike da giya ba tare da ya ajiye ba. Wannan dai tasu ce, ni kallo na yi. Suna da makaɗan gado ma, dangin MacCrimmon, masu busa algaitar nan mai jakar iska, uba ya mutu ɗa ya ɗauka, kamar yadda muka san makaɗan fada.

Inda labarin ya fi kama ni shi ne kan wani Norman ɗin, shugaba na 25. A shekarun 1840 cuta ta kama dankalin turawa, wanda shi ne abincin talaka a tsibiran nan, yunwa ta shigo gadan-gadan. Norman ya buɗe aljihunsa yana ciyar da jama'a har ya karye. Ƙarshenta sai da ya bar gidan kakanninsa ya tafi Landan yana aikin akawu. A wannan zamani, da gabaninsa da bayansa, mutanen Skye da yawa suka watse zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya, wasu don yunwa, wasu kuma masu ƙasa ne suka tashe su don a samu filin kiwon tumaki. Gidan dai bai fita daga hannun dangi ba. 'Ya'yansa biyu, Norman Magnus da Reginald, suka yi shugabanci ɗaya bayan ɗaya, kuma Reginald ne ya fara buɗe ƙofar gidan ga masu ziyara a 1933.

Reginald ya rasu a 1935 bai bar ɗa namiji ba. Sai 'yarsa Flora ta hau. An haife ta a 1878 a gida mai lamba 10 na titin Downing, inda kakanta na wajen uwa yake zaune lokacin yana ministan kuɗi. Ta karɓi shugabanci tana dab da shekara 60, amma ba ta zauna ba. Ta yi ta yawo ƙasa-ƙasa tana neman jikokin waɗanda suka yi hijira, tana ƙarfafa ƙungiyoyin dangi, har a 1956 ta tara su a Dunvegan. Taron ya ɗore, galibi duk shekara huɗu ake yin sa. Ta kuma zaɓi jikanta John, ɗan 'yarta, ya zama magaji. Ya ajiye sunan gidan ubansa, Wolrige-Gordon, ya ɗauki MacLeod, kotun Lord Lyon da ke kula da tamburan dangogi a Edinbara ta amince. Da ta rasu a 1976 ya gaje ta. Ba kowa ya yarda ba. Akwai wani reshe a Ostireliya da ke cewa su ne na ɗakin maza, don haka sarautar tasu ce. Rigimar gado ba ta da ƙasa.

Shi ma John ya ɗanɗana nauyin gidan. A 2000 ya sa duwatsun Cuillin da ke tsibirin Skye a kasuwa kan fam miliyan 10 don ya gyara rufin da ke yoyo. Jama'a suka yi ca a kansa, cinikin bai faɗa ba.

A farfajiya na haɗu da wani magidanci daga Kanada, riƙe da 'yar jakar takardu. Ya nuna mini kwafin takardar auren kakan kakansa, rubutun hannu mai kwanciya gefe, da sunan ango da na amarya da na iyayensu huɗu, har da sana'ar kowane uba. Tun 1855 doka ta wajabta rubuta haihuwa da aure da mutuwa a Sikotlan, kafin nan kuma coci-coci ke rubutawa. Yau duk an tattara su, mai nema yana iya dubawa ta intanet a ScotlandsPeople. Kakan nasa ba basarake ba ne, masunci ne mai ɗan gonar haya. Ka ga rajistar da ta riƙe sunan shugaba ita ta riƙe na masunci.

Gidan nan kuma yana da zare da ya iso ƙasarmu. Flora tana da ƙanwa, Olive MacLeod. A 1910 aka kashe saurayinta, matafiyin nan Boyd Alexander, a ƙasar Cadi, aka binne shi a Maifoni, wato Maiduguri ta yanzu. Olive ta taso takanas ta ziyarci kabarinsa. A 1912 ta auri Charles Temple, wanda ya zama laftanar-gwamnan Arewacin Nijeriya daga 1914 zuwa 1917. Ita ce ta tattara bayanan jami'an mulki kan ƙabilu da masarautun lardunan Arewa ta mai da su littafi, aka buga a 1919. Mai binciken tarihin garinsu da ya ci karo da sunan O. Temple a bangon wannan littafi, to 'yar gidan Dunvegan ce, jikar Norman ɗin nan da ya karye wajen ciyar da mutanensa.