Doki Ashirin da Biyar a Bayan Jirgin Roba

Ni makaniki ne. Shekara 26 ke nan ina gyaran babura da injin ban ruwa da janareto a unguwar Zongo ta Paraku, a arewacin Jamhuriyar Benin. Na faɗi wannan tun da farko domin mai karatu ya sani cewa wanda ya yi kuskuren da zan ba da labarinsa mutum ne da ya san inji. Abin da ban sani ba shi ne jirgi da ruwa, saura kaɗan kuwa rashin sanin nan ya ci ran yaro.

Ƙanena yana zaune a Jugu da iyalinsa. Hanyar da ta haɗa Paraku da Jugu, mai tsawon kimanin kilomita 135, tana ƙetare kogin Weme a gadar Beteru. Can arewa da gadar ƙanena ya sami gona yana noman doya. Gonar tana hayin kogi, hanyar da mota ke iya bi kuwa tana wannan gefen. Da rani ko yaro yakan ƙetare da ƙafa. Amma daga Agusta zuwa Oktoba kogin yakan cika ya yi ja, lokacin ne kuma sabuwar doya take da daraja a kasuwa. Wanda ya ce zai zagaya ta gada, ya ɓata rabin yini a cikin laka.

Domin wannan, a 2023 ƙanena ya sayo wani jirgin roba, irin wanda ake hura wa iska, a cikin kayan gwanjo da ke shigowa Kwatano daga Turai. Tsawonsa mita 3, ƙasansa na katako, a bayansa kuma akwai allo mai kauri inda ake ɗaura inji. Ya aiko mini da saƙo ya ce, "Yaya, jirgi ya samu. Zancen inji kuwa na bar maka, kai ne ka san shi."

A daidai lokacin nan aiki ya kai ni Malanbil, a bakin kogin Kwara. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ta tsaya cik, sai jama'a suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Na tsaya a bakin ruwa ina kallon manyan jiragen katako, cike da mutane da buhuna, kowanne da inji mai ƙarfin doki 40 a bayansa, suna yanka ruwa. Abin ya burge ni ƙwarai. A nan wani mai jirgi ya yi mini tayin tsohon injinsa, Yamaha mai doki 25, da kuɗi kaɗan, gama ya ce ya yi masa ƙanƙanta. Na duba fulogi, na ja igiya, na ji ƙarar lafiya lau. Na ce a raina, abin da ya yi wa wannan mutum kaɗan ai mu zai wadace mu har ya yi saura. Na biya, na ɗora shi a mota.

Ran da muka ɗaura shi a Beteru, ƙanena ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da aka manna a jikin allon baya. An rubuta 7.4 kW, da 10 HP, da hoton mutum huɗu, da 450 kg. Ya ce, "Yaya, wannan rubutun fa?" Na san ma'anarsa sarai. Doki ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu ne na kilowat, wato masu ƙera jirgin suna cewa kada injin ya wuce doki 10. Amma na ce masa, "Turawa ne da tsoronsu. In inji ya yi ƙarfi sai a rage wuta." Ya yi shiru, gama ni ne babba.

Muka shiga mu uku: ni a baya riƙe da hannun inji, ƙanena a tsakiya, ɗansa mai shekara 14 a gaba. Ba mai rigar ceto ko ɗaya. Tun kafin mu tashi na lura bayan jirgin ya nutse fiye da kima, gama injin ya fi kilo 50, ga ni kuma zaune kusa da shi. Muka fita a hankali. Da muka kai tsakiyar kogi ruwa ya fara janmu, sai na murɗa wuta. Ban murɗa ko rabi ba. Nan take goshin jirgin ya miƙe sama, allon baya ya lanƙwashe, roba ta ɓalle a kusurwa ɗaya, ruwa ya kwararo ta baya. Na zame, hannuna ya ja injin gefe, jirgin ya juya da ƙarfi, yaron ya faɗa ruwa.

Abin da har yau yake hana ni barci shi ne farfela. Jirgin ya ci gaba da zagayawa, farfela tana juyawa, yaron kuwa yana cikin ruwan nan. Injin yana da wata igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda in matuƙi ya faɗi sai ta fizge ta kashe shi. Tsohon mai injin ya daɗe da cire ta ya naɗe wurin da waya, ni ma ban damu in mayar ba. Da ƙyar na lalubo maɓalli na kashe. Wani tsohon masunci da ke duba komarsa a ƙasa da mu ya tuƙo kwalekwalensa ya cafko yaron ta riga. Ya sha ruwa, ya yi amai, amma ya tashi. Mun gode wa Allah.

A bakin gaɓa ƙanena bai ce mini kome ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da yamma ya ce, "Yaya, a nemo mafi ƙanƙanta da ake sayarwa, mai doki biyu da rabi. Ko kuwa mu bar zancen inji." Na yarda nan da nan, gama wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Tsohon masuncin ne ya hana mu. Ya ce mini, "Ɗana, jiya ka yi wa jirgi yawa, yau kuma za ka yi wa kogi kaɗan. Zo ka gani." Ya sa na auna taki goma manya a bakin gaɓa, wajen mita 10. Ya jefa kara a tsakiyar ruwa, ya ce in duba agogona. Karan ya ci wannan nisa cikin daƙiƙa 7. Na yi lissafi, ruwan yana gudun kilomita 5 a sa'a guda. Jirgin roba mai mita 3, in an ɗora masa mutane da kaya aka sa masa inji mai doki biyu da rabi, da ƙyar ya wuce kilomita 6. Na ce, "Baba, ai ke nan zai ci ruwan." Ya ce, "Yau zai ci. Ran da aka kwana ana ruwa a Jugu fa?" Gaskiyarsa, gama Weme daga tuddan wajen Jugu yake tasowa, ruwan da aka yi a can yakan iso Beteru ya ƙara wa kogin gudu. Ƙaramin inji zai yi ta kuka a wuri ɗaya, kogi kuwa yana tafiya da kai zuwa kan duwatsu.

Daga nan na zauna na koyi abin da ya kamata in koya tun farko. Zan rubuta shi a nan domin wanda zai sayi inji, ko na jirgin roba ko na ƙaramin kwalekwale.

Na fari, rubutun da ke jikin allon baya shi ne iyaka. An auna shi bisa ga ƙarfin allon da faɗin jirgin da nauyin da bayansa zai iya ɗauka. Rage wuta ba ya rage nauyin inji, hannun mutum kuma yakan zame.

Na biyu, a haɗa nauyin kome: jirgi, inji, fetur, mutane, kaya. Ƙaramin jirgi yana da tafiya iri biyu. Ko dai ya riƙa ture ruwa da ƙirjinsa a hankali, ko kuwa ya hau bisa fuskar ruwa ya yi gudu. Kafin ya hau, yana bukatar wajen doki ɗaya ga kowane kilo 20. Mu uku da jirgi da inji mun kusa kilo 300, wato sai doki 15, abin da ya wuce iyakar jirginmu. Ashe tun asali jirgin nan ba zai yi gudu da mutum uku ba. Abin da muke bukata shi ne ƙarfin da zai rinjayi kogi, da ɗan saura domin ranar da ruwa ya ƙaru.

Na uku, tsawon ƙafar inji. Akwai gajeriyar ƙafa, wajen santimita 38, da doguwa, wajen 51. Ƙananan jiragen roba yawanci gajeriya suke so. Wancan na Malanbil doguwa gare shi, farfela ta nutse can ƙasa, wannan ma ya taimaka wajen ɗaga goshin jirgin. Faffaɗan ƙarfen da ke bisa farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi.

Na huɗu, fetur. Injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, in an buɗe masa wuta duka, yakan sha kusan rabin lita ga kowane doki a sa'a guda. Mai doki 25 zai sha fiye da lita 10, mai doki 8 wajen lita 4. Mu nan fetur ɗin kwalba muke saye a bakin hanya, wanda ake kira kpayo, mai shigowa daga Nijeriya, kuma da aka janye tallafin mai a can ran 29 ga Mayu 2023 kuɗinsa ya yi tsalle. Manomin doya ba shi da fetur ɗin ɓarna.

Muka sayi mai doki 8, gajeriyar ƙafa, nauyinsa bai kai kilo 30 ba, mutum ɗaya yana iya saɓa shi ya kai bukka da dare. Mai gyaran taya a Paraku ya manne kusurwar da ta ɓalle, muka bar ta kwana biyu ta kama. Na sayi igiyar kashe inji da rigunan ceto guda huɗu da kuɗina. Ƙanena ya so ya biya, na ƙi. Filafili biyu kuma ba sa fita daga cikin jirgin.

Mun ji labarin jirgin da ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi a watan Mayu 2021, da na Patigi a Jihar Kwara a watan Yuni 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasu. Dā in na ji irin wannan nakan ce matuƙan ba su da hankali, ina dalilin ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa? Yanzu na daina faɗin haka da sauri, gama ni ma an nuna mini iyaka a rubuce, ƙanena ya tambaye ni, na kuwa take ta domin araha da son a ce injinmu babba ne.

Wancan mai doki 25 na mayar da shi Malanbil, na sayar wa wani mai kwalekwalen katako mai tsawon mita 10, na yi hasara kaɗan. A can ya sami wurinsa. Yaron kuwa ya girma, shi ne yake tuƙa jirgin da damina. Kafin ya ja igiya yakan ɗaura ta kashewa a hannunsa, ya ƙidaya mutane. Ran nan na je, na tarar mutum huɗu sun riga sun shiga. Na ɗaga ƙafa zan hau, sai ya ce, "Baba, yi haƙuri, sai zuwa na biyu." Na koma na zauna a gindin itace na jira shi.