Kwana 4 aiki, kwana 3 hutu: ina riba, ina hasara?

Ma'aikacin gwamnati ya san ranar da zai shiga biro, ya kuma san ranar da zai huta. Dokar aiki ta Nijar ta yanke masa awa 40 a mako. Sai da aka sha wuya kafin a samu wannan ƙa'ida. A zamanin mulkin Faransa, an soke aikin tilas a shekarar 1946. A watan Nuwamba na 1952 ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka yi yajin aiki gaba ɗaya. A watan Disamba aka sa hannu bisa dokar da ta ba su awa 40 a mako.

Yau a ƙasashe da dama ana cewa kwana 5 na aiki sun yi yawa, a rage su. Manomi zai ce wannan zancen mutanen birni ne. Amma duk wanda ya taɓa zuwa neman takardar aihuwar ɗansa, ko ya kai maras lafiya gidan likita, ko ya yi jiran mai allurar bisashe, zancen ya shafe shi.

Ragin iri biyu ne. Na farko, a rage kwanaki amma a bar awa 40 yadda suke. Wanda ya iya lissafi ya raba 40 gida 5, zai samu awa 8 kowace rana. In ya raba 40 gida 4, zai samu awa 10. Na biyu, a rage awowin kansu, albashi kuma ya tsaya inda yake.

Ƙasar Gambiya ta gwada iri na farko. Ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kewaye, sai ɓangaren teku. Mutanenta manoman gujiya ne, mafi yawansu kuma Musulmi. A watan Fabrairu na 2013, shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh, ya sake tsarin aikin gwamnati. Daga Litinin zuwa Alhamis, a shiga ƙarfe 8 na safe, a tashi ƙarfe 6 na marece. Ranar Juma'a, da a da ake yin rabin wuni, a rufe biro ɗungum. Dalilin da aka bayar shi ne ma'aikata su samu sukunin salla, da zumunci, da noma.

A cikin wannan tsari akwai riba, ba wanda zai musa. Yawancin ma'aikata ɗiyan manoma ne, kuma albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Wanda ya samu kwana 3 a jere cikin damana zai iya zuwa gona. Kowa ya san noman farko ba ya jiran kowa. In haki ya riga hauya, hatsi ya cutu. Ma'aikacin da ya cika rumbunsa ba ya shiga kasuwa yana tsadar da tiya ga talaka. Kuɗin mota na kwana guda sun ragu a aljihunsa. Uwa mai goyo ta samu wuni tare da jaririnta. Suna, da biki, da gaisuwar mutuwa, duk za a yi su ba tare da an sato lokacin aiki ba. Mutumin da ya huta kuma yakan karɓi jama'a da sakin fuska.

Hasara ma tana nan. Awa 10 a zaune wuri ɗaya ba wasa ba ne, balle cikin zafin bazara ko watan azumi. Bayan la'asar hannu ya yi nauyi, ido ya gaji, kuskure ya shiga takarda. Mai nisan gida sai dare zai isa. Irin wannan shi ake kira hutun jaki da kaya a ka.

Babbar hasara tana kan wanda ya zo daga nesa. Mutumin ƙauye ya sayar da tiya 5 ta wake, ya biya mota, ya iso birni ranar Juma'a da hantsi, ya tarar da ƙofa a rufe. Ko ya kwana 3 a zauren wani yana cin guzurinsa har Litinin, ko ya koma gida ya sake biyan mota. Gona tana can ba kowa. A Gambiya ƴan kasuwa da kamfanoni sun ci gaba da aikinsu ranar Juma'a, amma in suna da buƙata wurin hukuma sai su jira. A shekarar 2017 sabon shugaba, Adama Barrow, ya soke tsarin, aka koma rabin wuni ranar Juma'a.

Faransa ita ce ta gwada iri na biyu. Tun 1982 ma'aikatanta suna awa 39. A shekarar 2000 aka mai da su 35 a manyan kamfanoni, ƙanana suka biyo baya a 2002. Nufin gwamnati shi ne a raba aiki don marasa aiki su samu. Ga lissafin: mutum 7 masu awa 40 suna yin awa 280 a mako. In kowa awa 35 zai yi, sai an samu mutum 8. Ke nan an buɗe wa mutum guda ƙofa. Amma sai in akwai kuɗin biyansa, akwai kuma wanda ya iya aikin. Asibitocin Faransa sun sha wahala a nan, don ba a horar da malamin likita cikin wata guda. Waɗanda ke akwai suka ci gaba da aiki, kwanakin hutunsu suna taruwa a takarda.

Kusa da gida, jihar Kaduna ta Najeriya ta soma makon kwana 4 a watan Disamba na 2021. Aka ce ma'aikata su yi aikin Juma'a daga gida. Ba a sa ma'aikatan asibiti a ciki ba, kuma dalili a fili yake. Naƙuda ba ta san Juma'a ba. Maciji ba ya tambayar rana kafin ya sari mutum.

Akwai kuma waɗanda ba su da mako ko kaɗan. Ɗan ƙwadago da ake biya kullum, in aka rufe wurin aiki kwana guda, abincin gidansa na wannan rana ya tafi. Makiyayi ba zai ce wa shanu su yi haƙuri da ƙishirwa har Litinin ba. Mace a ƙauye tana daka, tana ɗibar ruwa, tana neman itace kwana 7 cikin 7, ba dokar da ta taɓa ƙidaya awowinta. In za a yi zancen hutu, ya kamata a tuna da ita. Injin niƙa guda ɗaya da rijiya kusa da gari suna rage mata aikin da ya fi wanda kowace doka za ta rage.

Amma mutanen karkara sun daɗe da sanin dabara. A rijiya mai zurfi, ba a ɗaure wa raƙumi ɗaya guga tun safe har dare. In ya gaji a kwance shi a ɗaura wani, ruwa bai daina fitowa ba. Ƴan uwa biyu masu garke ɗaya, yau wannan ya tafi kasuwa, gobe wancan, bisashe ba su kwana da yunwa ba. Haka ya kamata hutun ma'aikata ya zama. Wannan ya huta Juma'a, wancan ya huta Litinin, ƙofa kuma tana buɗe.

Ranar kasuwa ce ta fi muhimmanci, don ita ce ranar da motoci ke shiga ƙauyuka. Kasuwar Zinder tana ci Alhamis, ta Tahoua Lahadi, ta Maraɗi Litinin da Juma'a. Wanda zai tsara kwanakin hutu ya fara duban wannan, don mutum ya yi cinikinsa ya kuma karɓi takardarsa cikin tafiya ɗaya.

Saboda haka, duk ranar da wannan zance ya iso gaban mai gari ko taron manoma, tambayoyi uku sun isa. Wace rana za a rufe? Wa zai tsaya a madadin wanda ya huta? Gidan likita da mai allurar bisashe suna ciki ko ba su ciki? In amsoshin sun yi daidai, ma'aikaci ya huta lafiya, hakkinsa ne. Kafin nan, mai niyyar zuwa birni ya tambayi direba ko malamin lakkol ranakun da biro yake buɗe, tun bai sayar da wakensa ba.