Ryu ya iso Ƙonni, ina Kantu?

Wani ɗan kasuwa na Birnin Ƙonni ya iske ɗansa duƙe yana zana Ryu, jarumin wasan bidiyo na Street Fighter, daga wani tsohon littafin zane da ya ƙetaro iyakar Najeriya. Irin littafin nan kamfanin Malibu na Amurka ya fitar a 1993, ya tsaya a fitowa ta 3, domin masu wasan, Capcom na Japan, ba su gamsu da shi ba. Duk da haka ga shi har Ƙonni!

Uban ya ce: "Zana mini Kantu." Yaro ya yi tsit. Zakaran kokowar ƙasa na farko, a Tawa a 1975, sunansa kawai ya sani. Uban ya birkice akwatinsa, bai samu hoton da zai nuna masa ba.