Lungunan Tsohon Birnin Beijin

Idan aka ambaci Beijin, babban birnin ƙasar Sin, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne dogayen benaye da jiragen ƙasa masu gudun tsiya. Duk akwai su, mun kuma gan su. Amma a bayan benayen akwai wani Beijin na daban, mai ƙananan lunguna da katangu masu launin toka, inda har yau maƙwabci ya san maƙwabcinsa. A can muka fi daɗewa a ziyarar da muka kai.

Sinawa na kiran irin wannan lungu "hutong". Masana da dama na ganin kalmar ta fito ne daga harshen Mongol, ma'anarta rijiya, domin a da inda aka haƙa rijiya nan ake kafa gidaje. Tsarin lungunan ya faro tun zamanin daular Yuan, wadda ta yi mulki daga 1271 zuwa 1368, lokacin da Sarki Kublai Khan ya gina babban birninsa a wannan wuri. Yawancinsu sun miƙe ne daga gabas zuwa yamma. Wasu mota na iya shiga, wasu kuwa sai keke. Akwai wani mai suna Qianshi, wato kasuwar kuɗi, saboda a nan 'yan canji suke zama a da. A inda ya fi matsewa faɗinsa santimita 40 ne kacal. Idan mutum biyu suka haɗu, dole ɗaya ya ja da baya.

Gidajen da ke jere a lungunan ana ce musu "siheyuan". Ɗakuna ne a ɓangarori huɗu sun sa tsakar gida a tsakiya. Babban ɗaki yana arewa yana kallon kudu, don ya sha rana a lokacin hunturu, ya kuma ba iska mai sanyi baya. Nan dattawan gida ke zama, 'ya'ya kuma su samu ɗakunan gabas da yamma. Da ka shiga ƙofa za ka ci karo da wata 'yar katanga da ke hana na waje hango cikin gida, irin aikin da zaure ke yi a gidajenmu na gargajiya.

Da sassafe lungu ke tashi. Mun ga mutane sun yi layi suna sayen wani dogon soyayyen kwaɓin fulawa mai ɗanɗanon fanke, suna haɗawa da madarar waken suya mai zafi. Tsofaffi maza sun rataye kejin tsuntsayensu a reshen bishiya, sun zauna suna wani wasa mai kama da dara, 'yan kallo sun fi masu wasan surutu. A sama kuma garken tattabaru na shawagi, an ɗaura wa wasu 'yan ƙananan usur a bindi, iska na busa su. Duk da tsufan unguwar, da wuya ka ga takardar kuɗi a hannun kowa. Har mai sayar da kayan miya da waya ake biyan sa, ta manhajar WeChat ko Alipay.

Don mu hango lungunan daga sama, sai muka hau Hasumiyar Ganga. An fara gina ta a 1272, aka sake gina ta a 1420. Ita da Hasumiyar Ƙararrawa da ke arewa da ita su ne agogon birnin, ana buga ganga da ƙararrawa don sanar da lokaci, har zuwa 1924. Daga sama rufin gidajen ya shimfiɗu kamar tabarma, benaye sun kewaye su daga nesa.

Da yunwa ta kama mu muka nufi unguwar Niujie, wato titin shanu, a kudu maso yammacin tsohon birnin, inda Musulmi 'yan ƙabilar Hui suke da yawa. Masallacinsu shi ne mafi tsufa a Beijin, an kafa shi a shekara ta 996. Daga waje ginin Sinawa ne sak, da rufi mai lanƙwasassun gefuna, amma rubutun Larabci ya ƙawata shi. Mun yi wa dattawa masu fararen huluna sallama, suka amsa da fara'a, ko da yake babu mai jin yaren wani.

Sai dai zaman lungu ba daɗi zalla ba ne. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya, yanzu sai ka tarar iyalai da yawa sun raba shi, an cike tsakar gidan da 'yan ɗakuna. Gidaje da dama ba su da banɗaki, sai na unguwa, a garin da sanyin hunturu ke daskarar da ruwa. Shi ya sa matasa da yawa suka gwammace komawa benaye.

Ga kuma rusau. A 1950 wani masanin gine-gine, Liang Sicheng, ya ba da shawarar a bar tsohon birnin yadda yake, a gina sabbin ma'aikatu a yamma da shi. Ba a karɓi shawararsa ba. Daga baya aka rushe mafi yawan ganuwar birnin, aka bi sawunta da babban titi da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Lunguna masu yawa ma sun tafi, musamman a shekarun da suka gabaci wasannin Olamfik na 2008. Yanzu hukuma na kare waɗanda suka rage, kuma a 2024 UNESCO ta sa jerin tsofaffin gine-ginen da suka ratsa tsakiyar birnin, mai tsawon kilomita 7.8, cikin kayan tarihin duniya.

Amma karewar ma da irin tata matsalar. A Nanluoguxiang, lungun da 'yan yawon buɗe ido suka fi cika, ginin tsoho ne, sai dai shagunan tsaraba da na kayan ƙwalama ne jere a bakin hanya. Sai da muka saki wannan hanya muka shiga lungunan gefe sannan muka sake ganin shanya da kekunan yara. Idan an gyara gini amma mazaunansa sun tashi, bango kawai aka adana.

Mu ma muna da irin wannan dukiya: ganuwar Kano da ake ta ci daga gefe, tsohon birnin Zariya, da tsohon garin Agadas da UNESCO ta amince da shi a 2013. Kamar Qianshi, sunan unguwa irin su Soron Ɗinki a Kano yana faɗa mana sana'ar mutanen da. A wannan mako, ku samu wani dattijo a unguwarku ku tambaye shi asalin sunanta da waɗanda suka fara zama a cikinta. Ku rubuta abin da ya faɗa muku ku aiko mana.