Barka Da Sallar Kawuna Da Sirrin Da Ya Tafi Da Shi

Ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah na je Wurno gaida mahaifiyata, sai ta sa aka fito mini da wata tsohuwar adaka ta yayanta, wanda ya rasu shekaru da dama. Ta ce gara ta soma cin gindinta, in duba abin da ke da amfani in ɗauka. A ƙarƙashin tsofaffin alƙaluma da kurtun tawada da ya bushe na tarar da wani guntun icen aduwa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, an sassaƙa zanen zayyana a fuskarsa. Kusa da shi akwai damin takardu da aka ɗaure da zare. Ina taɓa icen na gane shi, domin da hannuna na sha shafa masa tawada ina yaro.

Kawu malamin makarantar allo ne, kuma shi ke yi wa masu sauka zayyana a unguwarmu. Yana da aminai biyu da sana'a ta haɗa su: wani masassaƙin alluna a Goronyo da wani baduku a Rabah mai ɗinka gafaka. Ba su cika haɗuwa ba, don kowa na fama da aikinsa. Saboda haka kawu ya ƙirƙiro wata al'ada tasa shi kaɗai. Idan goman ƙarshe na azumi ta kama, sai ya ɗauko guntun icen nan, ya shafa masa tawada, ya ɗora takarda a kai, ni kuma in murza bayanta da gindin ludayi har zanen ya fito. A tsakiyar zanen zai rubuta barka da Sallah da ajami. A bayan takardar kuwa zai rubuta wata dabara guda da ya gano a aikinsa cikin shekarar. Direbobin da ke bin kasuwanni su ke kai saƙon, su kuma dawo da amsa. Wannan a zamanin da ake aikin madatsar ruwa ta Goronyo ne, wadda aka kammala a 1984.

Takardun da ke cikin adakar amsoshin aminan nan ne. Na zauna a zaure ina karanta su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta fara da gaisuwa da tambayar iyali da addu'ar Allah ya maimaita mana, sannan ta gangaro kan aiki. Masassaƙin ya rubuta cewa kada a shanya icen aduwa a rana, a bar shi a inuwa ya sha iska har ya bushe a hankali, in ba haka ba zai tsage. Badukun ya bayyana yadda suke jiƙa bagaruwa da guntayen ƙarfe su sami baƙin da ba ya kodewa, da yadda ɗan kanwa ke fito da jan karan dafi. A wata takardar yana godiya ne, wai shawarar kawu ta rage ƙaro a tawada lokacin hunturu ta yi masa amfani, domin ƙaro in ya yi yawa rubutu ƙyalli yake yi ya farfashe, in ya yi kaɗan kuma hannu ya goge shi.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan al'ada ba a gidanmu. Na tuna wata rana ƙanin kawu ya same shi yana rubutu a bayan takarda, ya ce masa, “Yaya, wanga abu da kake yi ai raba abincinka kake yi. In kowa ya iya, wa zai zo wurinka?” Kawu bai ɗaga kai ba, ya ce, “An ce zumunta a ƙafa take. To ni ƙafata ba ta zuwa Rabah kullum, bari hannuna ya je.” Ƙanin nasa bai gamsu ba, kuma a gaskiya maganarsa ba ta wofi ba ce. Mai sana'ar hannu ba shi da albashi, ba shi da fansho. Ɗan sirrin da ya fi maƙwabcinsa da shi, shi ne jarinsa, shi ne kuma gadon da zai bar wa 'ya'yansa. Duk wanda ya tashi a gidan maƙera ko marina ko dukawa ya san akwai abin da ba a faɗa a gaban baƙo.

Shi kansa kawu bai saki komai ba. Akwai wata koriyar tawada da yake haɗawa, wadda ta sa ake gane allon da ya yi wa zayyana tun daga nesa. Ita kam bai taɓa rubuta ta a bayan wata takarda ba. Ni ya ajiye wa. Da na shiga makarantar kwana, daga can na wuce jami'a a Sakkwato, duk hutun da na zo sai ya ce, “Ɗana, zo ka zauna in nuna maka koren nan.” Ni kuwa in ce, “Kawu, sai na gama jarrabawa.” A zuciyata ina ganin wanda ke karanta manyan littattafai ya wuce niƙan gawayi. Jarrabawa ta ƙare, wata ta zo, aiki ya biyo baya, har ranar da aka aiko mini cewa ya cika. Na bincike adakar nan ciki da bai, babu ko layi ɗaya a kan koren.

Sai daga baya karatu ya nuna mini cewa abin da na raina yana da dogon tarihi a duniya. Littafi mafi tsufa da aka buga da sassaƙaƙƙen katako wanda ke ɗauke da kwanan wata an yi shi ne a ƙasar Sin a shekarar 868, yana ajiye yanzu a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan. Ƙa'idar aikin ita ce dai wadda kawu ya bi: a sassaƙe inda ba a son tawada, a bar inda ake so a tsaye, kuma a juya zanen, domin abin da ke dama a katako hagu zai fito a takarda. A Japan sana'ar ta kai matuƙa. Suna amfani da katako dabam ga kowane launi, suna ɗan jiƙa takarda kafin bugu, suna gauraya launi da ƙullun shinkafa a inda mu muke sa ƙaro. A ƙarni na 18 da na 19 ƙungiyoyin mawaƙansu kan sa a buga musu wasu ƙananan zane-zane da ake kira surimono, su raba wa juna a matsayin gaisuwar sabuwar shekara. Da na karanta wannan sai na yi murmushi, na ce ashe kawu yana da 'yan'uwa a inda bai taɓa jin sunansa ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Masar. Tun wajen ƙarni na 10 akwai Musulmi a can da ke buga addu'o'i da layu da irin wannan dabara, ana kiranta ɗarsh. Wajen ƙarni na 15 sana'ar ta ɓace, har aka manta an taɓa yin ta, sai a ƙarshen ƙarni na 19 masu bincike suka gane guntayen takardun. Wasu masana na ganin masu yin ta sun riƙe ta a matsayin sirri a tsakaninsu. Idan haka ne, abin da ya sami koren kawu shi ya sami sana'ar al'umma guda.

Magabatanmu ba su yi sakaci da wannan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a cikinta a 1837, kuma hubbarensa na nan har yau, ya lissafa kula da masu sana'a da wadata kowane gari da su cikin wajiban shugaba a littafinsa Usulus Siyasa. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. Dukansu sun fahimci cewa ilimin da ke zaune a ƙirjin mutum ɗaya kwanansa ƙidayayye ne.

Washegarin Sallah na kama hanyar Rabah. Badukun ya riga mu gidan gaskiya, amma na sami babban ɗansa a rumfar uban yana yankan fata. Bayan mun gaisa na faɗa masa ko ni wane ne, sai ya miƙe ya shiga gida, ya fito da wata tsohuwar gafaka. A cikinta ga takardun kawu, zanen guntun icen nan a fuskar kowace, rubutunsa a baya. A nan na ga yadda yake tace jan karan dafi sau biyu da ƙyalle kafin ya sa ƙaro don ya zauna a takarda, da yadda yake zaɓen gawayin zuge. Mutumin ya ce mini, “Malam, har gobe da wagga takarda nike aiki in za ni rubutu bisa fata.” Ya bar ni na kwafe su duka. Na tambaye shi ko kawu ya taɓa ambata koren, ya girgiza kai.

A mota ina dawowa na yi lissafin da ya hana ni magana har Wurno. Duk abin da kawu ya bayar kyauta tare da barka da Sallah yana nan da rai, wani yana cin abinci da shi. Abu ɗaya da ya killace don gado shi ne ya bi shi kabari, kuma laifin nawa ne, ba nasa ba, tunda ya kira ni ban amsa ba.

Ba na cewa mai sana'a ya tallata sirrinsa a kasuwa. Roƙona ga dattawanmu masu zayyana da sassaƙa da dukanci da rini shi ne kada sirri ya tsaya a wurin mutum ɗaya, ko da magajin da aka zaɓa ɗan cikinka ne. A sami amini na biyu a gaya masa. Ku kuma ɗalibai da ke komawa gida hutun Sallah, idan kun je gaida kaka ko baffa mai sana'a, kada ku tsaya a barka da shan ruwa ku miƙe. Ku zauna, ku tambayi yadda ake yi, ku rubuta. Wurare irin gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato da sassan nazarin harsuna da tarihi na jami'o'inmu sun dace su karɓi irin waɗannan rubuce-rubuce su adana.

Guntun icen yana kan teburina yanzu. Na gwada shi da tawadar da na haɗa bisa bayanin kawu, bugu na farko ya dagule, na huɗu ya fito sarai. Na yi niyyar in Allah ya kai mu Babbar Sallah in aika ɗaya Rabah, in kuma nemi gidan masassaƙin Goronyo in kai musu tasu da kaina. Allah ya jiƙan kawu da aminansa, ya kyautata namu zuwan.