Makin da na raba ma kowa daidai

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli, amma har yau in na tuna makin 12 bisa 20 da aka taɓa ba ni, sai in ji abu ya tokare mani ƙirji.

Lokacin ina da ajin CE1 a wani ƙauye can arewacin jihar Maradi. Ajin zana ne, yara 84, fiye da rabinsu zaune a ƙasa. Mai duba aikinmu ya iso wata Talata cikin hunturu, iska na kaɗa zana, ƙura ta rufe allo. Ya zauna baya kamar minti 40, ya buɗe littafin shirin darasina, ya tarar babu fish ɗin lissafi na ranar Litinin. Gaskiya ne, ban rubuta ba. Ranar Lahadi na wuni ina bin gida gida don a maido mani ƴan mata tara da aka cire daga aji aka ɗora ma talla. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma nauyin baki ya hana ni faɗa. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau babur ya wuce. Daga baya na ji abokina da muka fito makarantar horon malamai tare, wanda ke birni da yara 45 a ajin siminti, ya samu 17.

Ban yi ma abokina hassada ba, malami ne na ƙwarai. Abin da ya ci mani rai shi ne an auna mu da mudu ɗaya alhali gonakinmu ba ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya ce mani ko da "me ya faru?"

Ga abin da na yi bayan haka, kuma ba alfahari nake ba. Shekarar da ta biyo, littafina ya zama abin kallo, jan biro a nan, shuɗi a can, ba fish ɗin da ya ɓace. Na zaɓi yara biyar masu kaifin kai na zaunar da su gaba, su ne masu ɗaga hannu in baƙo ya zo. Na samu 16. Amma Lahadi ta koma ranar rubutu, na daina bin gidaje. Uku daga cikin ƴan matan nan ba su sake shiga aji ba. Na gano abin da ake aunawa, shi na riƙa kawowa.

A watan Yulin 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé ke ministan ilimin firamare, aka shirya ma malaman kwantiragi na ƙasa baki ɗaya jarabawar Faransanci da lissafi. Ƙungiyoyin malamai suka ce a ƙaurace, wasu suka shiga, wasu suka ƙi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka kai 10 bisa 20, aka kuma soke kwantiragin waɗanda suka fi faɗuwa. Ni ban ga laifin a gwada malami ba. Wanda bai iya raba lamba ba, me zai koya ma ɗan CM2? Sai dai na zauna da waɗanda abin ya shafa, na ji kukansu. Da yawa an ɗauke su ne ba tare da horo mai tsawo ba, aka tura su daji, kuɗin wata na makara, sannan rana ɗaya aka ce takarda guda za ta yanke hukunci. Wanda ya san an taimake shi kafin a gwada shi yakan haɗiye sakamako ko da ɗaci.

To, yau da gobe sai ga ni na zama direktan lakkwal, takardun makin shekara suka zo hannuna. Malamai shida. Na tuna 12 ɗina, na ce ni ba zan ƙona zuciyar kowa ba. Na ba kowa 17, har da wani mushe da ba ya shiga aji sai tara ta gota, ranar kasuwa kuwa sai dai a ji labarinsa. Na kwanta ina ganin na yi adalci.

Kwana biyu bayan haka, wata malama ta tsaya bakin ofis. Ita ce mai isowa bakwai da rabi da goyo a baya, ita ce ke tsayawa bayan an tashi tana maimaita ma yara karatu.

"Direkta, na ji ni da wane makinmu ɗaya."

Na ce mata haka ne, ban so in bambanta kowa ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ba komi. Allah ya ba mu alheri."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara ba. Amma daga wannan wata takwas daidai take isowa, in an buga ƙararrawa ita ce farkon fita. Ba abin da zan iya ce mata, don ba ta karya doka ko ɗaya ba. Ƙarshen shekara ta nemi canjin wuri, aka ba ta.

Bana na shiga ajin kowane malami sau uku kafin in taɓa takarda, kuma kowa na kira shi mun zauna, ya faɗi nasa kafin in rubuta. Mushen nan na ba shi 12, na karanta mashi dalilai ɗaya bayan ɗaya, da ranakun da ya makara. Ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya, kullum sai ya kai ta likita da safe. Na san gaskiya ne tun watan Janairu. Na kuma san makarar ta girmi ciwon da shekara uku. Mako biyu ke nan ba ya ba ni hannu in mun fito masallaci. Takardarsa na nan cikin durowa, ban sa hannu ba tukuna, kuma Litinin za a zo karɓa.